Ƙwayoyin azurfa a jikin kitosan da ƙaro: katalis ne, ko launi ne kawai ke ɓacewa?

Aminu:
Assalamu alaikum malamaina. Ina neman haske kan katalis (abin da ke hanzarta haɗuwar sinadarai ba tare da shi ya ƙare ba) na ƙwayoyin azurfa masu girman nanomita da ake dasawa a jikin kitosan na ɓawon jatan lande. Tsarin shi ne a narkar da giram 2 na kitosan a mililita 100 na asid ɗin asetik mai ƙarfin kashi 2 cikin 100, a ɗiɗɗiga shi da sirinji cikin NaOH ya zama 'yan ƙwallaye, a jiƙa su a AgNO3 (naitiret ɗin azurfa), sannan a zuba ruwan ganyen darbejiya ya mayar da azurfar ƙarfe. Ana gwada aikinsu da 4-naitirofinol da NaBH4 (borohaidiraid), a ga ruwan ɗorawar ya washe. Matsalar ita ce kowane haɗi da nasa saurin, launin yakan tsaya cak na ɗan lokaci kafin ya fara sauka, kuma in an sake amfani da ƙwallayen aikin sai ya ja baya. Ina gizo ke saƙar?

Dakta Hadiza:
Wa alaikumus salam. Kafin a je ga sauri, a fara tabbatar da cewa abin da ke jikin ƙwallayen azurfar ƙarfe ce. Ƙanina, sau nawa ake wanke su bayan an tsamo su daga NaOH? In akwai sauran NaOH a cikinsu, da zarar sun haɗu da AgNO3 za su yi launin ƙasa nan take. Mutum ya yi murna wai ƙwayoyin sun fito, alhali Ag2O, oksaid ɗin azurfa, ne ya kwanta. A yi ta wanki har ruwan da ke fita ya koma pH 7, kuma a bar su su kwana a ruwa a sake aunawa da safe, don na can ciki a hankali yake fitowa.

Abu na biyu kuloraid. Azurfa ba ta ga maciji da shi: ko kaɗan ne sai AgCl ya sauka fari, haske ya taɓa shi ya koma ruwan toka. Ruwan famfo na da shi, ruwan ganye ma na da shi, shi ya sa haɗin da aka yi da ganye yakan fito gauraye. XRD, gwajin da ke gane sinadari da hasken X-ray, ne ke raba gardama. Azurfar ƙarfe tana fitar da tsini a digiri 38.1, 44.3, 64.4 da 77.4. In ka ga 27.8, 32.2 da 46.2, AgCl ne. To haɗi biyu da aka zuba wa azurfa daidai wa daida, ɗaya rabinsa AgCl, ɗaya kwatansa, ta yaya za su yi gudu ɗaya?

A kuma lissafa lodin. Mililita 50 na AgNO3 mai ƙarfin milimola 2 a lita na ɗauke da miligiram 10.8 na azurfa. A kan giram 1 na busasshen kitosan, kusan kashi 1 cikin 100 ke nan, in duk ta kama. Ba duka ke kamawa ba, sai an auna wadda ta rage a ruwan jiƙon a cire. A jiƙa a pH 6 zuwa 7. Ƙasa da haka rukunonin amin na kitosan suna ɗaukar cajin da ke korar azurfar, shi kansa kitosan ya fara narkewa.

Malam Garba:
Ranki ya daɗe kin gama magana a kan haɗin. Bari in ƙara ta ɓangaren kayan aiki.

Ruwa: ko wanda ake sayarwa a jarka da sunan na batir, a gwada shi. A ɗebi kaɗan, a ɗiga AgNO3. Ya yi hazo-hazo, a ajiye shi gefe.

Borohaidiraid: yana lalacewa a ruwa tun daga mintin da aka narkar da shi, yana fitar da iskar haidurojin. A haɗa shi da ruwan ƙanƙara daf da lokacin amfani, kowane gwaji da sabon haɗi. Garin ma yana shan danshi, kwalbar da ta dunƙule da damina ba ta da ƙarfin da aka rubuta a jikinta.

Maganaɗisun motsa ruwa: tsofaffi masu ƙarzuwa suna riƙe ƙarfe a cikin tsagogin. Masu bincike a Mosko sun nuna hakan a 2019, cewa maganaɗisun da aka taɓa aiki da shi yana iya tafiyar da haɗi shi kaɗai ba tare da an sa katalis ba. A jiƙa su da gilasan a asid ɗin naitirik, ba HCl ba, a ware sabo don gwajin da ba katalis.

Sai zafi, wanda yawanci ba a rubutawa. Irin wannan haɗin saurinsa kan kusan ninkawa in zafi ya ƙaru da digiri 10. Ɗakin gwaji a Kano da safiyar hunturu da kuma da azahar ta watan Afrilu ba wuri ɗaya ba ne. A sa kofin a cikin kwanon ruwa mai digiri 25, a bar ma'aunin zafi a ciki.

Farfesa Lawal:
Batun tsayuwar launi da Aminu ya ambata an daɗe ana ja-in-ja a kansa. Masu bincike a Jamus sun ce lokacin da fuskar ƙarfen ke sake tsari ne kafin ta fara aiki. A 2016 wasu a Jami'ar Notre Dame ta Amurka suka nuna cewa iskar oksijin da ke narke a ruwan ce ke haddasa shi: sai ta ƙare sannan launin ke fara sauka. Ni hujjar oksijin ta fi gamsar da ni, don lissafin a fili yake. Ruwa a digiri 25 na riƙe da kusan miligiram 8 na oksijin a lita, wato kusan milimola 0.25. In naitirofinol ɗinka milimola 0.05 ne a lita, oksijin ta ninka shi biyar. A busa naitirojin cikin ruwan na minti 15 zuwa 20 kafin a fara, a ga yadda jinkirin zai ragu.

Ga ma'aunin da zai ba da lamba mai ma'ana. Miligiram 13.9 na 4-naitirofinol a mililita 100 ya ba da ƙarfin milimola 1 a lita. A ɗebi mililita 2.5 a cika zuwa 50. A sa miligiram 19 na NaBH4, wato milimola 10 a lita, ninki 200 na naitirofinol ke nan, don yawansa ya zama kamar ba ya canjawa. Da shigarsa tsinin da ake gani a na'urar auna shan haske zai tashi daga nanomita 317 ya koma 400, ruwan ya ƙara ɗorawa. Wannan ba aikin katalis ba ne, pH ne ya hau. A wannan ƙarfin na'urar za ta karanta kusan 0.9. Masu sa milimola 0.1 ko fiye suna fara karatu a 1.8, inda ƙananan na'urori ba sa ba da lamba ta gaskiya.

Kada a tsaya a kan saukar 400 kawai. Dole sabon tsini ya fito kusa da 300, na 4-aminofinol, kuma layukan duka su ratsa juna a wuri guda kusa da 314. Wannan na buƙatar kubet, ɗan kofin da ake sa wa na'urar, na kwatz, na roba da na gilashi suna toshe hasken wajen. In 400 ya sauka amma 300 bai tashi ba, ƙwallayen ne suka tsotse sinadarin, ba su juya shi ba.

A zana ln(A/A0) da lokaci (A karatun 400 ne a kowane lokaci, A0 na farko), a cire lokacin jinkirin, gangaren layin shi ne k, lambar saurin aikin.

Malam Garba:
Allah ya ƙara wa Farfesa lafiya. A kula da kumfar haidurojin da ke mannewa a bangon kubet, ita ke sa layin ya riƙa tsalle. A ƙwanƙwasa da yatsa kafin kowane karatu. Tunda ƙwallaye ne, gara a yi haɗin a kofi ana motsawa, a riƙa ɗibar mililita 3 ana karantawa ana mayarwa.

Injiniya Bashir:
Ni inda nake ganin matsalar daban ne. Ƙwallon da ya fito daga bakin sirinji yakan kai milimita 2 zuwa 3. Azurfar da ke tsakiyarsa ba ta ganin naitirofinol, ta bakin fatar ce kawai ke aiki, sinadarin na ƙarewa kafin ya ratsa ciki. Abin da kake aunawa a lokacin saurin ratsawa ne, ba saurin azurfa ba. Kowane canji a girman ƙwallo, ko kaurin ruwan kitosan, ko tsayin da ɗigon ke faɗowa, zai canja k.

Gwajin ba wuya. A ɗauki nauyi ɗaya daga haɗi ɗaya, rabi a bar shi ƙwallaye, rabi a farfasa. In farfasasshen ya fi gudu sosai, ratsawa ce ke riƙe aikin. A kuma ƙara saurin motsawa har k ya daina hawa, a tsaya a nan.

Kuma kada a busar da su a tanda. Suna tsukewa su yi tauri, ramukan su toshe, ko an mayar da su ruwa ba sa komawa yadda suke. Don wannan dalilin na fi son auduga ko takardar tacewa: zaren siriri ne, azurfar na waje, a tsoma a cire. Illarsu selulos ba shi da amin, ba ya riƙe azurfa da ƙarfi, sai an shafa masa siririn kitosan a sama.

Girman ƙwayar kanta ma lissafi ne. Nauyin azurfa giram 10.49 ne a kowace santimita kubik. Ƙwaya mai nanomita 10 na ba da fuska kusan murabba'in mita 57 a giram. Mai nanomita 50 kusan 11. Azurfa ɗaya, fuskar aiki ta ragu sau biyar.

Aminu:
Na gode malamai. Ke nan ganyen darbejiyar ne ke ba da manyan ƙwayoyi? A bar shi a koma borohaidiraid tun wajen haɗawa?

Dakta Hadiza:
A ganina, e. Borohaidiraid na aiki nan take, ƙwayoyi da yawa su tsiro lokaci guda, kowace ta tsaya ƙarama. Ruwan ganye na tafiya a hankali, kaɗan su tsiro su yi ta girma, girmansu ya bambanta. Sannan ganyen rani da na damina, sabon toho da tsohon ganye, ba sinadari ɗaya ke cikinsu ba. Kuma a faɗi gaskiya: wanda ya guji miligiram kaɗan na borohaidiraid wajen haɗa katalis don kare muhalli, ya dawo ya zuba ninki 200 a gwajin, me ya kare?

Malama Zainab:
Yaya Hadiza, ban yarda da ke gaba ɗaya ba. Aikin darbejiya da aka yi a Pune ta Indiya tun 2004 ya nuna ganyen na yin abin, kuma ana iya ɗaure shi da ƙa'ida. A shanya ganye mai yawa a inuwa sau ɗaya, a niƙa, a ajiye a kwalba mai murfi, duk aikin a yi shi da wannan garin. Giram 5 a mililita 100, digiri 60 zuwa 70 na minti 20, a tace, a yi amfani da shi ranar. A ɗaga pH ɗin ruwan ganyen zuwa 9 ko kusa: sinadaran finol ɗin da ke ciki sun fi ba da lantarkinsu a nan, aikin ya yi sauri, ƙwayoyin su ƙanƙance. Amma sai bayan azurfar ta riga ta kama kitosan an ɗauraye ta waje, in ba haka ba Ag2O ɗin da kika faɗa ya dawo.

Inda na ba ki gaskiya shi ne rufin da ganyen ke bari. Sinadaransa na lulluɓe ƙwayar, suna hana ta haɗewa da 'yar'uwarta, amma suna toshe wurin da naitirofinol zai sauka. A wanke da etanol da ruwa har ruwan wankin ya daina launi.

Dakta Hadiza:
In za a bi duk wannan, ba ni da ja. Sai dai a yi haɗi biyu gefe da gefe, na ganye da na borohaidiraid, azurfa daidai, a raba k da miligiram ɗin azurfar da aka auna. A bar lamba ta yi magana.

Alhaji Mahamat:
Ina bin ku daga Injamena. Me ya sa ba a maganar ƙaro? Sudan ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi, Cadi da Najeriya na biye, ga shi a kasuwa da araha, ba sai an yi odar kitosan daga waje ba.

Malama Zainab:
Ranka ya daɗe, ƙaro na aiki ƙwarai wajen hana ƙwayoyin dunƙulewa, ɗan furotin ɗin da ke cikinsa ne ke kama ƙarfen, sauran jikin ya bazu a ruwa. Matsalarsa narkewa yake yi. Ƙwayoyin za su kasance a ruwan suna yawo, ba abin da za ka tsamo da cokali, sai injin juyawa mai ƙarfi. Ga wata kuma: azurfa mai yawo a ruwa tana shan haske a nanomita 400 zuwa 420, daidai wurin da ake karanta naitirofinol. Karatun ba zai taɓa sauka sifili ba, sai an cire nata kason. Mafita ita ce a haɗa ƙwayoyin a ƙaro, sannan a kulle su cikin aljinet, sinadarin ciyawar teku mai daskarewa, ko a shafa wa auduga. Mai yin aljinet ya daskarar da shi da naitiret ɗin kalsiyam, ba CaCl2 da aka saba ba, saboda kuloraid. Ƙaron kasuwa kuma a narkar, a bar shi ya kwana, a tace yashi da ɓawo.

Farfesa Lawal:
Saura tambaya ta uku, ja da bayan aiki, kuma ita ce ta fi nauyi. Azurfa na zuba daga jikin mazauninta. Oksijin na mayar da ita ayon ta narke, musamman lokacin wanki da ajiya a ruwan da iska ke shiga. Da ta haɗu da borohaidiraid a zagaye na gaba sai ta sake zama ƙwayoyi, amma a cikin ruwan, ba a jikin kitosan ba. Waɗannan sun fi na jikin ƙwallon gudu nesa ba kusa ba. Sau da yawa su ke yin aikin, ƙwallon ya karɓi yabo.

Yadda ake kama wannan: a bar haɗin ya kai rabi, a tsame ƙwallayen duka, a ci gaba da karanta ruwan. In launin ya tsaya, katalis ɗin na jikin ƙwallo. In ya ci gaba da sauka, azurfa ta zuba. A ƙara da auna ruwan a AAS, na'urar auna yawan ƙarfe a ruwa, a nanomita 328.1, bayan an sa masa asid ɗin naitirik. A narkar da ƙwallon sabo da wanda ya yi aiki a naitirik ɗin a gwada su. Wanda ya sa HCl a nan azurfarsa za ta kwanta a gindin kwalba, na'ura ta ce masa babu.

Akwai kuma wayon da ya cika rubuce-rubuce: a ce katalis ya yi zagaye goma yana ba da kashi 99. In kowane zagaye an bar shi awa guda alhali minti biyar ya ishe shi, ko ya rasa rabin ƙarfinsa 99 ɗin za a gani. A kawo k na kowane zagaye, ko a tsayar da duka a minti ɗaya tun aikin bai ƙare ba.

Sinadarin gulutaraldehaid, in an sa wa kitosan, na ƙarfafa ƙwallon, amma amin ɗin da ke riƙe azurfa yake cinyewa. Kaɗan ake sawa.

Usman:
Farfesa, to in an gyara duk wannan, zai iya tsabtace ruwan da ke fita daga masana'antun Challawa da Sharaɗa? Na ga ana nuna yadda yake washe ruwan rini cikin minti biyu.

Farfesa Lawal:
Usman, je ka marinar Ƙofar Mata ka tsaya. Zanen da aka tsamo daga rijiyar baba kore-kore yake fitowa, iska ta buge shi ya koma shuɗi. Shuɗin metilin da ake nunawa a waɗannan gwaje-gwajen haka yake. Borohaidiraid da azurfa na mayar da shi marar launi, tsininsa na 664 ya ɓace, amma sinadarin na nan. Girgiza kwalbar a iska bayan borohaidiraid ya ƙare, shuɗin ya dawo. Rinin azo kuwa, irin su lemun metil, da gaske yake tsinkewa, sai dai abin da ke fitowa amin ne marasa launi, wasunsu sun fi rinin illa. Ruwan ya yi fari, gubar na ciki, an ƙara masa boron.

Ruwan majema kuma kabarin azurfa ne. Ana cire gashin fata da salfaid ɗin sodiyam, ana adana ɗanyar fata da gishiri. Salfaid zai rufe ƙwayar da baƙin Ag2S, kuloraid ya ƙarasa ta. Kuma azurfar da ta zuba guba ce ga kifi a ma'aunin da ya yi ƙasa ƙwarai da miligiram 0.1 a lita da ake ambata wa ruwan sha.

Injiniya Bashir:
Ƙari a kan haka, manyan ayyukan da azurfa ke yi a masana'anta ba na kitosan ba ne. Oksaid ɗin etilin ana yin sa da azurfa a kan alumina a digiri 200 zuwa 300. Fomaldehaid daga metanol ya haura 600. Selulos da kitosan sun ƙone kafin nan. Wurinsu haɗin ruwa ne mai sauƙin zafi, na sinadarai masu tsada a ƙaramin ma'auni: juya naitiro zuwa amin, wanda 4-aminofinol ɗin nan ma shi ake yin farasitamol da shi, ko haɗa aldehaid da alkain da amin a tukunya ɗaya. Wanda ke son mazauni daga halitta mai jure zafi ya duba ƙashi. In an ƙona ƙashin shanu a digiri 700 zuwa 900 har ya yi fari, haidiroksi-afatait ke saura. Masu bincike a Osaka ta Japan sun nuna azurfa a kan wannan ma'adinin tana juya silan zuwa silanol da ruwa zalla, ko da yake nasu haɗa shi aka yi, ba daga mahauta ya fito ba. Na ƙashi sai an lura: yawan ƙonawa na rage masa fuska.

Aminu:
Tantanin cikin ɓawon ƙwai fa? Wasu na cewa ya fi kitosan riƙo.

Dakta Hadiza:
Yana riƙo, saboda furotin ɗinsa na da salfa, azurfa kuma na son salfa. Riƙon ne ma kan yi yawa ya kashe wani sashe na fuskar. A ɓare shi da hannu bayan an jiƙa ɓawon a asetik mai rauni, a wanke farin ƙwan tas. A yi masa gwajin tsamewa da Farfesa ya faɗa, a kuma gwada tantanin da ba azurfa a ga nawa yake tsotsewa shi kaɗai.

Malam Garba:
Aminu, in ka ga tsarin da ke cewa a narkar da AgNO3 a amoniya kafin a jiƙa auduga ko tantani, yana aiki, amma kada a ajiye ragowar ruwan ko na kwana ɗaya. Yana haifar da baƙin naitiraid ɗin azurfa mai fashewa da ɗan taɓi. A kashe shi nan take da asid ɗin naitirik mai rauni. Kwalbar sharar borohaidiraid kada a ɗaure mata murfi, iskar na ci gaba da fita. Sa safar hannu, AgNO3 na baƙanta fata sai ta saɓule. Duk ruwan wanki mai azurfa a tara shi a jarka guda, a zuba gishirin girki, a bar AgCl ya kwanta, a tsiyaye na sama, farin a ajiye shi a kwalba mai duhu don a sake fitar da azurfar.